Rumfar Masu Shanya Kilishi

Da sabuwar doka ta ce kowane mai ma'aikata ya kafa musu rumfar hutawa, Alhaji Maikano mai kilishi ya ƙi. Jatau, da ya shekara ashirin yana shanya masa nama, ya kai shi gaban alƙali.

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na kunna ranar da ke ƙona su? Ba ruwana da ita. Ya kawo shaidar tawa ce, yau ɗin nan in kafa rumfa."

Alƙali ya dubi Jatau. "Kana da shaida?"

Jatau ya ce, "Babu, Alhaji ya fi ni gaskiya. Daga gobe a ɗaki za mu riƙa shanya naman, mu rufe ƙofa. Bai kamata baƙuwa ta riƙa taɓa masa dukiya ba."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Ka haukace ne? Ai ruɓewa zai yi! Rana ce ke yi mini rabin aikin!"

Jatau ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shaidata nan a tsaye."

Kafin la'asar aka kafa rumfa.