Tsahare da Ƙwan Kififfiya

Kai, ku bar tsokanar juna ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Kaka, mu ji ta.

Wata mata ce wai ita Tsahare, fatauci ya kai mijinta bakin teku, can ya rasu ya bar ta da kajinta. Ba ɗa, ba jika. Sai ta ɗaukar wa kanta aiki don Allah: kullum da hantsi ta bi gaɓa tana tsince leda da yagaggun komayen masunta, kada su shaƙe abin da ke cikin ruwa. Mutane na mata dariya, ko a jikinta.

Ran nan sai ta tarar da wata tsohuwar kififfiya, kunkurun ruwa ke nan, koma ta naɗe mata wuya. Sai ta yanke igiyar. Kififfiya ta numfasa, ta ce duk danginta sun ƙare, ita kaɗai ta rage, kuma ga ƙwanta na ƙarshe ta binne cikin rairayi.

"Iya, ki tsare min su har in dawo."

Tsahare ta ce ta ɗauki amana.

Sai karnuka suka zo tono. Ta bi su da muciya. Sai masunta suka zo za su kwashe su soya. Ta roƙe su, ta roƙe su, har sai da ta ba su kazarta mai kwanci. Sai ruwa ya fara hauhawa yana lasar bakin ramin. Nan fa hankalinta ya tashi. Ba ta san ruwan nan iyakarsa ke nan ba, zai koma.

Sai ta tone ƙwan, ta kai akurki, ta shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Ita da ta tsufa tana kiwon kaji, wa zai koya mata? Kowace safiya sai ta juya su ɗaya bayan ɗaya, yadda kaza ke yi, tana musu addu'a. Kayya, baiwar Allah!

Kwanci tashi, shiru. Sai wari.

Da kififfiya ta dawo, Tsahare ta kawo mata ƙwan cikin ƙwarya. Duk sun zama baragurbi. Kififfiya ta daɗe tana dubawa.

"Iya, juya su kika yi?"

"Kullum, wallahi. Ban taɓa fashi ba."

"Namu ba a juyawa. Yadda na ajiye, haka ɗan ke kwance. Da kin tambaye ni."

Kififfiya ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Sai ta ja jiki ta shige ruwa. Tun daga ranar ba a sake ganin sawun kififfiya a gaɓar nan ba. Tsahare kuwa ba ta daina tsintar leda ba har ta mutu, kullum idonta na kan ruwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku dai in za ku taimaki wani, ku fara tambayarsa yadda ake yi. To, a tashi a kwanta.