Ƙararrawar da Mai Kunne Ya Zare

Akwai wani magidanci da abokansa ke kira Mai Kunne, shi ma ya fi son sunan a kan nasa na yanka. Wai ido a rufe yana iya bambanta sautin wayar sifika ta jan ƙarfe da ta azurfa. In ya kunna waƙa sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Ɗakin da ya fi girma a gidan shi ya mayar ɗakin sauraro. Ya lulluɓe bangon da soso, ya sa ƙofa mai kauri, ya kafa dokar cewa in yana ciki ko cokali kada ya faɗi a gidan.

Mahaifiyarsa, Umma, tana wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki ba ta iya tashi sai an kama ta. Matarsa ce ta sayo mata ƙararrawa: maɓalli a gefen gado, akwatin da ke ƙara kuma a jone a soket ɗin baranda, daf da ɗakin sauraro.

Wata Asabar matar ta shirya yara za su je duba yayarta da ba ta da lafiya. Ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Abban yara, Umma ta ci abinci, ta sha magani. Don Allah ka bar ƙofar nan a buɗe. In ta danna ka je da wuri, ka san ba ta iya riƙe fitsari."

"Na ji," ya ce, idonsa na kan waya. "Uwata ce fa, ba sai an koya mini ba."

Tana fita abokan suka iso: Injiniya, Lauya, da Dogo mai sayar da kayan gini. Kowace Asabar nan suke taruwa. Yau kuwa akwai babban zance, don an ce wani kamfani zai fito da sabuwar amfilifaya, na'urar da ke ba sifika ƙarfi. Ba wanda ya taɓa ganinta a cikinsu. Hoto ɗaya ne kawai, dishi-dishi, da wani ya saka a intanet.

"Dubi wannan inuwar ta gefe," in ji Injiniya. "Ƙwan fitila ne, irin na cikin rediyon da. Sun koma tsohon yayi, sautin zai yi ɗumi."

"Haba, Injiniya! Wannan ai yatsan mai ɗaukar hoton ne," in ji Dogo.

Lauya ya rantse cewa wani da ya san wani a kamfanin ya ce nauyinta sai mutum biyu sun kama. Mai Kunne ya taɓe baki ya ce shi daga siffar maɓallan ma ya gane cewa muryar mata za ta fi fita a cikinta. Manyan mutane masu furfura a gemu, suna ta da jijiyar wuya a kan abin da ba su ji ba, ba su gani ba. Abin takaici, wallahi.

Daga ƙarshe suka ce a kunna tsohuwar amfilifayar, a ji abin da ta rasa wanda sabuwar za ta gyara. Aka ɗora faifai. Waƙa ba ta yi nisa ba Injiniya ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Akwai datti a wutarka."

Dama al'adarsu ce. Sun yi imani duk abin da ke jone da lantarki a gida yana ɓata sauti. Mai Kunne ya fita ya kashe firji, ya kashe fanka, ya zare cajar waya. Aka sake kunnawa.

"Har yanzu ina jin wani ɗan tsss a ƙasa-ƙasa," in ji Injiniya. Ya leƙa baranda ya nuna akwatin ƙararrawa. "Ga ɓarawon nan."

"Wannan ba ta Umma ba ce?" Dogo ya tambaya.

Mai Kunne ya ɗan tsaya. Ya tuna maganar matarsa. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce Injiniya ya ji wani abu a ɗakinsa wanda shi bai ji ba.

"Ni ma tun ɗazu nake jin sa," ya ce. "Waƙa ɗaya ce ai. Barci ma take."

Bai leƙa ya ga ko barcin take ba. Ya zare ƙararrawar, ya jawo ƙofa mai kauri ya rufe.

"Kai! Kun ji shiru?" in ji Lauya. "Wannan shi ne shiru mai tsabta."

Waƙa ɗaya ta zama faifai guda, faifai ya kira ɗan'uwansa. Tsakanin waƙa da waƙa a koma gardama: nawa za a sayar da sabuwar, wa zai riga saya, wace waya ce za ta dace da ita. Har rana ta karkata ba wanda ya tuna da soket ɗin baranda.

Bugun ƙofa ne ya katse su, bugu na tashin hankali. Mai Kunne ya buɗe a fusace, sai ya ga matarsa, mayafi a hannu, fuska sharkaf da hawaye. Ta ja hannun rigarsa zuwa ƙarshen baranda.

Umma na kwance a ƙasa tsakanin gado da bango. Ta gaji da jira ne ta yi ƙoƙarin sauka da kanta. Zaninta ya jiƙe har ya fara bushewa, ɗakin da ba fanka ya ɗauki zarni. Maɓallin na damƙe a hannunta mai lafiya, tana ta dannawa har a lokacin.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta da wuya ta sake taka ƙasa.

Abokan sun biyo su, ba laifi. Amma suna tsaye a bakin ɗakin da aka kwantar da ita sai Lauya ya matso, ya sassauta murya, ya miƙo waya.

"Allah ya ba ta lafiya. Af, sun saki hoton bayan sabuwar amfilifayar fa."

Mai Kunne ya ji kamar ya tofa masa yawu. Abin da ya fi ba shi ƙyama kuwa, kafin ya kau da kai sai da idonsa ya sauka a kan hoton. Ya tsani Lauya, ya fi tsanar kansa.

Ƙanwarsa ta iso a gigice. Da ta ji yadda aka yi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce in an sallami Umma gidanta za ta wuce da ita, kuma wanda ya isa ya hana. Ba wanda ya yi musu.

Da Umma ta farfaɗo ya durƙusa a gefen gadon, ya kasa haɗa ido da ita.

"Umma, ni na zare ƙararrawar. Amma me ya sa ba ki ƙwala mini kira ba? Ko kofi ki jefa a ƙofa?"

Ya so ta zage shi, da ya samu sauƙi. Ita kuwa ta ɗora hannunta mai lafiya a kansa, ta yi magana a hankali, harshenta na karyewa.

"Na ga ka yi baƙi, Babana. Na san ba ka son hayaniya in kana jin kiɗanka. Na ce bari in yi ta dannawa, in ka gama za ka zo."

Darasi: Sha'awa ba laifi ba ce, amma duk sha'awar da ta sa mahaifiyarka jin tsoron kiranka ta zama abin kunya. Kayan sauti kullum sabo na fitowa, wanda ya rasa na bana zai samu na baɗi. Muryar iyaye kuwa in ta ɗauke ba kamfanin da zai sake fito da ita. Ku tura wa duk wanda kuka san ya rufe ƙofa a kan abin da yake so alhali akwai tsoho a gidansa.