Ƙa'idar da Mai Gari Ya Rubuta da Hannunsa

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ya gina gari sukutum a cikin wata tsohuwar na'ura da ke ƙarƙashin teburin shagonsa. Garin intanet ne. Mutum zai shiga ta wayarsa, a ba shi fili, ya gina gida ko shago, ya yi hira da maƙwabta. Mutane sun kai dubu biyu, suka laƙaba masa suna Mai Gari. Sunan kuwa ya hau masa kai.

A tsakiyar garin ya gina ɗakin mahaifiyarsa da ta rasu, har da tabarmarta da butarta. Ya zuba saƙonnin muryarta a ciki, saboda wayar da suke kai ta fara lalacewa. Kullum da safe sai ya shiga ya ji tana cewa, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Da ya zo rubuta ƙa'idojin shiga, waɗanda sai mutum ya danna 'Na yarda' a ƙarƙashinsu kafin a ba shi fili, layi biyu ya fi alfahari da su. Duk abin da aka gina mallakar wanda na'urar ke hannunsa ne. Duk wata ƙara kuma sai a kotun ƙasar da na'urar take.

Yayarsa lauya ce. Ta karanta, ta ɗago ta dube shi.

"Auta, wannan ai zalunci ne ka sa masa lamba. Kawo in gyara maka."

"Yaya, na'urar nan ga ta a ƙarƙashin ƙafata. Ina za ta je?"

Akwai wata mai ɗinki da ta shekara biyu tana baje zanen kayanta a shagon da ta gina a garin, ta nan take samun masu saye. Ranar da ta yi ƙorafi a bainar jama'a cewa garin na yawan ɗaukewa, Mai Gari ya toshe ta, ya rufe shagon. Ta kira shi tana kuka.

"Malam, ko zanena kawai ka bar ni in kwashe."

"Baiwar Allah, ke kika danna 'Na yarda'. Ni na danna miki?"

Ya kashe wayar ya ci gaba da kwance allon wata kwamfuta.

Sai dai gaskiyarta ce, wuta ba ta zama, na'urar kuma ta tsufa. Ɗan kawunsa da ke zaune a wata ƙasa mai nisa ya ce a mayar da garin kan na'urarsa, can wuta ba ta ƙiftawa. Mai Gari ya tura komai cikin murna. Ya goge tsohuwar tas, ya sayar wa wani ɗalibi. Ko ƙa'idojin bai waiwaya ba.

Bayan wata uku suka yi saɓani kan wanda zai riƙa yanke hukunci a garin. Washegari da safe Mai Gari ya zo shiga ɗakin mahaifiyarsa, sai ya ga rubutu: an toshe ka.

Ya sake gwadawa har sau bakwai. Ko shagonsa bai kulle ba ya nufi ofishin yayarsa.

"Yaya, ya sace min gari! Mu kai shi kotu yau ɗin nan."

Ta buɗo ƙa'idojin ta juyo masa da allon.

"Wace kotu? Ka ce ta ƙasar da na'urar take. Kana da bizar zuwa can? In ma ka je, layin farko zai nuna wa alƙali. Na'urar a hannun wa take?"

Ya zauna a ƙasa.

"Muryar Umma tana ciki, Yaya. Babu ita a ko'ina kuma."

Yayar ta dafe ƙirji. Ita ma ba ta da ko saƙo ɗaya, ta ɗauka suna wurinsa a adane.

Ya ɗauko wayarsa ya rubuta wa ɗan kawun nasa: "Ɗan'uwa, riƙe garin. Muryar Umma kawai ka bar ni in kwashe."

Amsa ba ta jima ba.

"Kai ka rubuta, kai ka fara danna 'Na yarda'. Ni na danna maka?"

Darasi: Duk dokar da za ka kafa wa mutane, ka rubuta ta kamar gobe kai za a karanta wa ita, domin iko ba ya zama a ƙarƙashin teburin kowa. Ku tura wa duk wani mai riƙe da dandali ko zaure, ko da na mutum goma ne.