Kwabon Rumawa da Kanta ya goge da tsamiya

Akwai wani ɗan canji a Madarounfa, Kanta sunansa. Kullum yana kan moto tsakanin gida da Ɗan Issa a kan iyaka, kuma a ganinsa babu kuɗin da bai sani ba a duniya. Kun dai san irinsu, kafin ka gama tambaya sun gama yi maka huɗuba.

Ƙanensa Shu'aibu ya shekara huɗu a Libiya yana aikin lambu gidan wani tsoho mai tara kuɗin Rumawan dā. Da zai dawo, tsohon ya yi masa kyautar kwabon tagulla guda. Ya ce kan da ke jiki na wani sarkin Rum ne haifaffen Libiya, wanda ya yi mulki shekara dubu da ɗari takwas baya, kuma irin wannan bugun kaɗan ya rage.

Kwabon ya yi kore shar. Haka Shu'aibu ya naɗe shi cikin auduga. Burinsa ya sayar, ya sayi injin ban ruwa, ya kama noman rani a bakin tafki, kada ya sake ƙetare Sahara. Ya tura hoto ta waya, wani mai tara irin waɗannan kaya a Yamai, Alhaji Abdurrahman, ya ce yana tafe ran Asabar.

Saura kwana biyu aka kira Shu'aibu garin Gabi girbin geron surukinsa. Ya ba Kanta ajiya.

"Yaya, don Allah ko ruwa kada ya taɓa shi."

"Ni za ka koya wa kuɗi?" in ji Kanta.

Yana buɗe audugar kunya ta kama shi. Baƙo tun daga Yamai, a nuna masa wannan dauɗa? Shi abin da ya sani a kan iyaka, takarda mai datti rage mata daraja ake. Ya jiƙa tsamiya, ya ɗebo toka, yadda mata ke goge kwanon tagulla. Ya zauna gindin bishiyar bedi yana dirza har kwabon ya ɗau ƙyalli. Hancin sarki da rabin rubutun suka bi toka.

Ran Asabar Shu'aibu ya dawo, Alhaji ma ya iso. Alhaji ya ɗora gilashin ƙara girma a kan kwabon, ya duba, sannan ya tambaya wa ya wanke. Kanta ya gyara hula ya ce shi ne, kuma ba sai an gode masa ba.

"Koren nan shi ne shaidar shekarunsa, malam. Shi na zo saye. Yanzu tagulla ce kawai."

Da ni ne, wallahi sai unguwa ta ji mu. Amma Shu'aibu ruwa ya kawo wa baƙo, ya raka shi mota, ya ce haka Allah ya so. Bayan mako ya fara haɗa jakar tafiya Agadas, hanyar komawa Libiya.

Shirun nan ya fi zagi yi wa Kanta ciwo. Ya hau motonsa ya nufi Maraɗi. Da la'asar ya dawo a motar haya, babu moto, sai injin ban ruwa a kafaɗa. Ya sauke a ƙofar ɗakin ƙanensa.

"Kwance jakar nan," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gobe mu je ka nuna mini filin."

Darasi: Iya sana'arka bai sa ka iya ta kowa ba. In mai abu ya ce kada ka taɓa, to ka janye hannu, ko da ƙanenka ne. Ku tura wa na kusa da ku, kowane gida da Kantansa.