Saifar Kawu Maliki

Akwai wani manomi a wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da garin Hasahisa a ƙasar Sudan, sunansa Maliki. Shi ke buɗe ruwan tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, yana ba kowa a lokacinsa. Shekara ashirin yana wannan aiki, rabin yininsa a tsaye cikin ruwa har gwiwa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

Sai mutumin ya canza. In ka gaishe shi, ya harare ka. In ka ce ruwa bai kai ƙarshen gonarka ba, ya hau ka da faɗa. Mutane suka ce girman kai ne ya shige shi.

To, ƙauyen na da wata al'ada. Duk ƙaramar Sallah sukan yi watanda, su haɗu su yanka sa a raba. Mahaucinsu Uzairu, mutum mai barkwanci, yakan ware saifa ya ɗaga ta sama, ya miƙa wa wanda ya fi kowa faɗa a shekarar, don tsofaffi sun ce a saifa fushi yake kwana.

Na bi diddigin wannan magana, jama'a, na kuwa sha mamaki. Likitocin Girka na dā, da na Larabawa bayansu, sun ɗauka akwai wani baƙin ruwa da ke taruwa a saifa, mai jawo ƙunci da baƙin rai. Har yau a Turanci sunan saifa yana ɗaukar ma'anar mugun fushi, kuma daga Girkanci suka aro shi. Ashe wasan Uzairu ya yi doguwar tafiya kafin ya iso bakin tur'a.

Shekarar farko da aka miƙa wa Maliki saifa, ya yi dariyar yaƙe ya karɓa. Ta biyu ya karɓa ya juya ya tafi gida.

A shekara ta uku ne Sakina, ɗiyar maƙwabcinsa Yakubu, ta dawo daga birnin Wad Madani da takardar shaidar awon jini. Ta roƙi dattawa su ba ta ɗaki guda, ta riƙa auna mutane saboda bilharziya, cutar tsutsar da ke shiga jiki daga ruwan tur'a. Da ta bayyana cewa kowa zai kawo ɗan bayan gidansa a kwalba, Maliki ya miƙe.

"Ɗiyar da na ɗauka a kafaɗa jiya, ita ce za ta aike ni bayan gida da kwalba? Yakubu, wannan karatun ka sai da akuyoyinka a kai?"

Aka fashe da dariya. Ba a ba ta ɗakin ba. Sakina ta koma gida ta yi kukanta, ta daina bi ta ƙofar gidansa.

Da Sallah ta zo, dattawa sun riga sun yanke cewa bayan biki za a karɓe aikin ruwa daga hannun Maliki. Uzairu ya ɗaga saifa ya ce, "Kawu Maliki, amanarka ta bana." Maliki ya fizge ta ya yi jifa da ita. Garin jifan rigarsa ta ɗage, ya dafe gefen hagunsa ya ɗan tanƙware.

Kowa saifar da ke cikin ƙura yake kallo. Sakina, da ta zo ɗaukar rabon babanta, cikinsa ta kalla. Ya kumbura ta hagu, ga tabon wuta guda uku, irin na ƙarfe mai zafi da masu maganin gargajiya ke ɗorawa. Ƙafafunsa kuwa sun rame kamar karan dawa.

Ta gaya wa babanta. Yakubu ya ce ta fita sabgar mutumin da ya kunyata su a gaban gari. Ta yini tana juya maganar. Ita ma zagin bai bar ranta ba, amma ta san abin da ta gani yana kisa.

Da la'asar ta tafi wajen Iya Habiba, yayar Maliki. Tsohuwar ta faɗi abin da Maliki ya rantsar da ita kada ta faɗa. Ya fi shekara biyu ba ya iya kwanciya ta hagu. Loma uku ke cika masa ciki. A cikin azumin nan ma ya yi aman jini sau ɗaya, ya binne shi da ƙasa. Tsoronsa kada a ce ya gaza, a ba wani aikin ruwa.

Sakina ta ce aman jinin nan ba ya jiran a gama biki, in ya dawo da ƙarfi ba lallai a kai shi asibiti da rai ba. Suka tafi tare.

Suka same shi a jingine da bango. Ya dube ta ya ce, "Ke ma saifar kika tsinto mini?"

"Taka na zo dubawa, Kawu."

"Hita mini daga gida, ɗiyar Yakubu."

Ba ta fita ba. Ta durƙusa ta ce, "Ka ce ka ɗauke ni a kafaɗa. Gaskiya ne, kai ka ƙetarar da ni tur'a ranar da na fara zuwa makaranta. Karatun can ne ya nuna mini cikinka. Gobe ka zage ni a mota in kana so, amma mu tafi."

Iya Habiba ta shimfiɗa mayafinta a bakin ƙofa ta zauna, ta ce ko naman Sallah ba za ta ɗanɗana ba sai ya amsa. Maliki ya dubi yayarsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Amma kar kowa ya sani."

A asibitin Hasahisa aka tabbatar bilharziya ce. Ta taɓa hantarsa, ta kumbura saifarsa, jininsa kuma ya kusa komawa rabi. Aka kwantar da shi, aka ƙara masa jini, aka ba shi maganin tsutsar. Ranar sallama ya tambayi likita ko da gaske saifa ce ke sa fushi. Likitan ya yi murmushi ya ce aikin saifa tace jini ne kawai, amma duk wanda aka hana barci shekara biyu, aka rage masa jini, aka tsayar da shi a rana, ko limami ne sai ya yi faɗa.

Bayan wata biyu, ranar Juma'a da aka idar da salla, mutumin da ya ce kar kowa ya sani ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗage rigarsa da hannunsa. Ya nuna tabon wutar, ya ba da labarin duka, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa. Sannan ya ce ya ba Sakina ɗakin da ke ƙofar gidansa, kuma kwalbar farko tasa ce.

Wannan karon ma an yi dariya, amma washegari layi ya kai har bakin hanya. An samu cutar a jikin mutane da yawa, har da Uzairu. Dattawa suka bar wa Maliki aikinsa, suka sayo masa dogon takalmin roba.

Da Sallah ta zagayo, Uzairu ya ɗaga saifa kamar kullum, idonsa a kan wani Muntari da ya shekara yana rigima da kowa. Aka soma murmushi. Sai Uzairu ya sauke hannunsa a hankali, ya matsa kusa da shi ya ce, "Muntari, tsakaninka da Allah, kana samun barci kuwa?"

Darasi: Idan mutumin kirki ya koma mai faɗa dare ɗaya, kafin ka yi masa suna ka tambayi lafiyarsa, don wani fushin ciwo ne da aka ɓoye. Kuma kada zagin da aka yi maka ya hana ka faɗin abin da zai ceci rai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu yini a cikin ruwan tur'a, ku ce su je a auna su.