Filas ɗin da Tsaya Haka Ya Goge

Akwai wani mai ɗaukar hoto da kowa ke kira Tsaya Haka, saboda kalmar da ba ta barin bakinsa in ya ɗaga kyamara. Gwani ne a aikinsa, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce, bai yarda da kowa ba. Ko kuɗin canji matarsa ta miƙo masa, sai ya dube ta sau biyu.

Yana da wata tsohuwar laftof da ya yi shekaru yana aiki da ita. In ya kunna ta, sai ya je ya share shago ya dawo kafin ta farka. Fankarta tana gurnani kamar injin niƙa. Duk hotunan mutane a cikinta suke, domin katin kyamararsa ɗaya ne tal, da ya juye aiki sai ya goge katin ya tafi wani aikin.

Rannan ya ɗauko hotunan wani biki. Bayan bikin da 'yan kwanaki, kakar amaryar ta rasu. Mahaifiyar amarya ta zo shagon da kanta, ido jajir, ta ce ba ta damu da sauran hotunan ba, wanda tsohuwar ta rungume jikarta shi take so. Tsohuwar ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ranar ce kawai aka shawo kanta. Tsaya Haka ya bugi ƙirji ya ce ta ɗauka an gama.

Sai dai sabon injin buga hoton da ya saya ya ƙi jituwa da laftof ɗin. Aka ce masa babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta tsufa, sai an ɗora mata sabuwa.

Ƙaninsa, wanda gida ke kira Auta, gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago a can ƙasan layi. Matar Tsaya Haka ta ce ya kai masa mana, ga ɗan'uwanka a kusa. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya kai, yana rungume da ita kamar jariri.

Auta ya duba ta, ya fara bayanin cewa na'urar ta tsufa da yawa, yadda za a yi aikin sai an bi wata hanya. Yayan ya katse shi.

"Ban son dogon turanci. Ka sa abin da za ka sa, amma kada ka buɗe mini hotuna."

Auta ya ce to, ya nemi lambar sirri. Sai da Tsaya Haka ya waiga hagu da dama kafin ya faɗa masa a kunne.

Da ya koma shago zama ya gagare shi. Ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai aski, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Mai aski ya ce ai shi jiya ya ga Auta da wata kyamara sabuwa dal a cikin kwali, ko shi ma sana'ar zai shiga? Ya faɗi haka ya ci gaba da askinsa, bai san wutar da ya kunna ba.

Nan take lissafi ya haɗu a kan Tsaya Haka. Kyamara ga ta, yanzu kuma ga hotunan shekaru da lambobin masu kawo aiki duk a hannun yaron. Wato shagon hoto zai buɗe, ya nuna aikin yayansa a matsayin nasa. Ya tuna ma yadda Auta ya ce "to" da sauri. Mai gaskiya ai ba ya saurin cewa to.

Ko ƙofar shagonsa bai ja ba, ya gangara.

Auta ba ya nan, ya fita sayo wani abin aiki. Laftof ɗin tana kan tebur a rufe. A gefenta kwamfutar Auta tana kunne, an soka mata wani babban filas, irin abin da ake adana hotuna a ciki, kuma a fuskarta ga hotunan Tsaya Haka jere reras, kowane biki da sunansa, har na amaryar nan.

Zuciyarsa ta tafasa, amma har da ɗan daɗi ya ji, irin daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Goge kati kuwa aikinsa ne na kullum. Ya ja kujera, ya danna wurin goge filas ɗin, na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Filas ya koma fayau.

Yana ɗaukar laftof ɗinsa Auta ya shigo. Tsaya Haka ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa, ya kira shi maci amana, ya ce ya gode Allah da ya tona asirinsa. Auta kuwa ya wuce wurin tebur. Idonsa na kan kwamfutar.

"Yaya, me ka goge?"

"Abin da ka sata."

Auta ya zauna a hankali. Ya ce tsohuwar na'urar ba za ta karɓi sabuwar manhaja a kan tsohuwa ba, dole sai an wanke ta tas, abin da ya so ya faɗa ke nan da safe. Shi ya sa ya kwashe komai a filas, yana dubawa ko sun cika kafin ya mayar. Kyamarar kuwa ta wani ce da ya kawo a juye masa hotuna.

Tsaya Haka ya buɗe laftof ɗin. Ta tashi nan da nan, babu gurnani, tsaf kamar sabuwa. Babu hoto ko ɗaya a cikinta.

Fuskar mahaifiyar amarya kawai yake gani.

Wani ƙanin da sai ya ce ka ga abinka. Auta kuwa zare filas ɗin ya yi, ya ce kada wanda ya sake taɓa shi, tunda ba a zuba wani abu a kai ba akwai ɗan fata. Ya ajiye aikin mutane ya duƙufa. Wasu hotunan suka dawo lafiya, wasu suka tafi ke nan.

Na kakar ya dawo, amma rabi. Fuskokin biyu suna nan, tsohuwa ta kwantar da kumatunta a kan na jikarta, daga kafaɗa zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne kawai.

Auta ya yanke wurin da ya lalace, aka buga. Mahaifiyar amarya ta karɓa ta yi kuka, ta tambaya ina hannuwan da suka rungume 'yarta. Tsaya Haka ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ɓata, ba na'ura ba, kuma wannan ɗin ma ƙaninsa ne ya ceto.

Da yamma ya je ya ba Auta haƙuri. Auta ya ce ya wuce, amma ya ƙara da magana ɗaya.

"Da ka jira na dawo ka tambaye ni, Yaya, da hannuwan suna nan."

Darasi: Zargi yakan sa mutum ya ga ɓarawo a wurin da ake tsare masa kaya. Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, tambaye shi, ka kuma bari ya gama magana, domin ba duk abin da fushi ya goge ne haƙuri ke dawo da shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan madanni yanzu.