Toho a Gindin Randar Inna Tani

Na rantse da Wanda Ya busa mini numfashi ba za ku yarda da wannan labari ba, balle da yake ni Sada ne mai ba da shi, wanda duk Ƙofar Kaura ta san shi ya saka wa ladan kwaɗo a buta, ya kuma bar makaranta don malaman ba su iya da shi. Sai dai labarin na Malaminmu ne, masani mai tsantseni, mai gudun duniya, wanda dattawa ke takowa daga Batagarawa don su ji fassarar aya guda daga bakinsa mai albarka, Allah Ya ƙara masa yarda.

Kawuna Alhaji Garba ma'aikacin gwamnati ne, a GRA yake zaune. Matarsa Inna Tani ungozoma ce, kuma wata nas 'yar ƙasar Filifin da suka yi aiki tare ta bar mata wata shukar tukunya da ake kira okid, wadda saiwarta ke kwance cikin ɓawon itace maimakon ƙasa. Duk shekara takan yi farin fure a hannun Inna. Da Allah Ya karɓi ran Inna, shukar ta tsaya cik. Lokacin ne kuɗin mai ya shigo gari, aka sayo firji, aka kife randar Inna a bayan madafa, aka ɗora tukunyar kan talabijin. Kawu ya riƙa shayar da ita safe da yamma, yana mata hira yadda yake yi wa mai ita, har ganyen ya fara rawaya, shi kuma ya rame.

Da ya kai kukansa wurin Malam, Shehin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ƙaunarka ta yi mata yawa, bar ta ta ji ƙishi. Ina marigayiya take aje ta?"

"Gindin randa, Allah gafarta Malam."

"To a tada randar, a mai da shukar can, inda sanyi da inuwa suke." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya.

Aka yi haka, watanni suka shuɗe, ba komai sai tsohon kara tsaye. Kawu ya daina cin tuwon kirki, ya mai da tabarmarsa gindin randa. Ni kuwa da ban iya ganin abu na bar shi, na tsinko farin furen roba a falon maƙwabta, na ɗaura a karan da koren zare, ɗaurin da ko tela ba zai gano ba, balle Kawu da idonsa ya yi rauni. Ya gani, ya yi kuka, ya tara maƙwabta, ya aika a ɗauko Malam ya ga aikin addu'arsa.

Malam, Allah Ya ja zamaninsa, ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ko dubi tukunyar ba, ni ya duba.

"Sada, ɗana, zo kwance aikinka. A hankali, akwai mai rai ƙarƙashin zarenka."

Wallahi ranar da na yi ɗaurin nan na shafa karan daga sama har ƙasa, sumul yake. Amma da na warware ƙullin, sai ga ɗan koren toho kamar ƙwayar wake ya leƙo daga gaɓa. Kawu ya taɓa robar, ya taɓa tohon. "Tani," ya ce, can ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo kaina. "Ɗan banza, roba ka sa na yi wa kuka gaban mutane?"

"Kada a taɓa Sada, Alhaji," in ji Malam. "Ruwan randar nan shi zai riƙa ɗebowa, daga rijiya, ba famfo ba, har shukar ta gama buɗe furanninta."

Na ce a raina, da sauƙi. Ashe in fure ɗaya ya buɗe, wani toho ke biyo bayansa. Yau ga ni nan, gammo ya cinye mini gashin tsakar ka, Kawu kuwa yana kan tabarmarsa yana ba furannin labarin waɗanda suka haihu a unguwa, kamar yadda yake ba Inna in ta dawo daga aiki.

Allah Ya ƙara wa Malam daraja, Ya jiƙan Inna Tani, Ya sanyaya zuciyar Kawu, ni kuma Ya yayyafa mini albarkar Shehin ko a wuyan nan ne, amin.